Likita, zan iya gudun famfalaki don in tara wa Baba kuɗin magani?

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu guda: iyaye masu fama da cutar karkarwa, da 'ya'yan da ke neman yadda za su tsaya musu. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 28, daga Runjin Sambo a Sakkwato. Shekara biyu ke nan da anka tabbatar mahaifinmu na da cutar karkarwa ta Parkinson, kuma kuɗin magani ya fara fin ƙarfinmu. Ina son in shiga gudun famfalaki na Legas, in roƙi abokai kowa ya ɗauki nauyin kilomita guda da abin da ya sawwaƙa. Saura wata huɗu. Ina buga ƙwallo kowace yamma. Zan iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba Baba sauƙi, kai kuma Ya yi maka albarka. Amma ƙwallon yamma daban, famfalaki daban. A ƙwallo kana zabura ne ka tsaya, ka jira a miƙo maka, ka yi gardama da alƙalin wasa kana hutawa. Famfalaki kilomita 42 ne da mita 195. A fili mai zagayen mita 400, sai ka kewaya sau 105 da rabi. Kelvin Kiptum na Kenya ya cinye wannan tazara cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, amma sabon shiga ya shirya wa awa huɗu da rabi zuwa shida yana bisa ƙafafunsa.

Ga gwaji mai sauƙi. Gobe bayan Asuba ka fita ka yi kilomita 10 ba tsayawa, a gudun da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In ka yi, washegari kuma ka tashi ka sauka daga kan gado ba ka ɗingishi, mako 16 zai iya isarka, da ƙyar. In ba ka iya ba, bana ka shiga na kilomita 10, domin tseren Legas, wanda aka fara a 2016 ake kuma yin sa a watan Fabrairu, yana da wannan rukuni. Babu abokin da zai janye gudummawarsa don ka rage tazara. Dalilin wannan tsanani shi ne zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni, ƙashi da jijiyar agara kuwa sai an yi watanni. Sai mutum ya ji numfashi ya zauna, ya ƙara wuta, ƙashin ƙwauri ya tsage. Gidanku ba ya buƙatar majinyaci na biyu.

Kafin komai, ka je a auna maka hawan jini da yawan jini, ka kuma yi gwajin sikila ka san ko kai AA ne ko AS. Mai AS yana iya gudu, sai dai zafi da ƙishirwa da tsananta wa jiki sun fi yi masa haɗari, don haka ba ya yi wa jikinsa dole. In ka taɓa suma ko jin ciwon ƙirji a filin ƙwallo, ko a danginku akwai wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya yana matashi, sai likita ya duba zuciyarka tukuna.

Atisayen kansa kwana huɗu ne a mako: uku gajeru, kilomita 5 zuwa 8, ɗaya dogo. Dogon shi ne uwa. Kana ƙara masa kaɗan-kaɗan, kada jimillar mako ta wuce ta makon baya da fiye da kashi ɗaya cikin goma, kowane mako na huɗu kuma ka sassauta. Mafi tsawo kilomita 30 zuwa 32, saura mako uku a yi tsere, daga nan sai ka riƙa ragewa. A wajen kilomita 30 ne sukarin da jiki ya taskace a tsoka da hanta yake ƙarewa, ƙafa ta zama kamar an ɗaura mata turmi. Ka koya wa cikinka karɓar dabino biyu ko uku duk bayan minti 40 tun a atisaye. Takalmi ma haka: wanda ka saba da shi za ka sa ran tsere, ba sabo fil ba.

Ka yi sa'a watanninka sun faɗo cikin hunturu. Ka fita da an sallame Asuba, da riga mai haske, kana fuskantar ababen hawa, don 'yan kabu-kabu ba su san da zamanka ba. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, ka haƙura. Kuma kada ka ce ai ni Basakkwace ne, rana ba ta ba ni tsoro. Zafinmu busasshe ne, gumi na fita iska na shanye shi, jiki ya huce. A Legas iska jiƙe take, gumin sai ya kwanta a fata yana ɗiga, jiki na ta ɗaukar zafi. Ka isa can da 'yan kwanaki, ka kuma fara tseren a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so.

Tambaya: Likita, ni mace ce daga Mabera. Innarmu hannunta na dama ke rawa, tafiyarta ta koma sanɗa, fuskarta kamar mai fushi. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu. Yanzu dangi sun haɗa kuɗi, yayanmu na son a fitar da ita waje a yi mata aiki ta warke gaba ɗaya. Mi za mu yi da kuɗin ga?

Amsa: Malama, ki riƙe kuɗin tukuna. Abu na farko shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya ga Inna, kuma ba sai an hau jirgi ba: a fara da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba kowace karkarwa ce Parkinson ba. Akwai wadda ke zuwa lokacin da mutum ya kai kofi baki, akwai ta maƙoƙo, akwai wadda magani ke jawowa, musamman wasu magungunan amai da na taɓin hankali. Ki tattara duk abin da take sha cikin leda ku tafi da shi, har na gargajiya.

Ta Parkinson tana da kamanninta. Hannun na rawa ne lokacin da yake ajiye a cinya, babban yatsa na goga manuni kamar mai jan carbi alhali babu carbi, in ta miƙa hannu za ta ɗauki buta sai rawar ta lafa. Yawanci gefe ɗaya take farawa. Fuskar da kike gani ba fushi ba ne, tsokar fuskar ce ta sandare. Inna na jin daɗin jikokinta kamar da, fuskar ce ta daina kai saƙo. Wani likita ɗan Ingila, James Parkinson, shi ya bayyana cutar a 1817. Asalinta ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin can cikin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali, shi kuwa dofamin shi ne man da ke sa motsi ya tafi sumul. Addu'a ba ta hana magani, a haɗa su.

Yanzu ga abin da nake so yayanku ya ji. Har yau babu inda ake warkar da wannan cuta, ko a Masar, ko Indiya, ko Jamus. Muhammad Ali, da duk dukiyarsa da likitocin Amurka, an gano tasa a 1984, ya zauna da ita har ya rasu a 2016. Akwai aikin da ake dasa waya a ƙwaƙwalwa, yana rage alamomi ga wasu zaɓaɓɓun majinyata bayan shekaru, amma ba ya tsayar da cutar, kuma na'urar na son kulawa har abada. Duk wanda ya ce a kawo miliyoyi ya yi allura ɗaya ta warke, aljihunku yake kallo.

Abin da ke aiki shi ne ƙwayar da za ki ga an rubuta levodopa da carbidopa a kwalinta. Na sha ganin dattijon da aka shigo da shi a riƙe, bayan makonni ya dawo yana ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Sharaɗinta kada ta yanke. Ba a tsayar da ita kwatsam, yin haka na iya jefa mutum cikin zazzaɓi da sandarewar jiki mai haɗari. Saboda haka ku lissafa kuɗin maganin wata guda, da na zuwa asibiti, da na masu gashin ƙashi, ku ga wata nawa abin da kuka tara zai kai ku. Ku riƙa ajiye na wata biyu a gaba, don maganin kan yi wuyar samu. Ragowar a gyara banɗaki: ƙarfen dafawa a bango, masai na zama, fitila a hanya, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. Faɗuwa da karayar ƙugu sun fi karkarwar kwantar da tsofaffi.

Wani abu da ya shafe mu nan musamman: nono, nama, wake da ƙwai suna gasa da maganin wajen shiga jini. A ba ta ƙwayar da ruwa minti 30 kafin abinci ko awa guda bayansa, ba a kora ta da hura da nono ba. Ba a hana ta hura ba, lokaci kawai za a raba musu.

Tambaya: Ina atisayen gudu mai nisa. Ruwa nawa zan sha? In azumi ya zo fa? Kuma abokaina na shan maganin ciwon jiki kafin su fita.

Amsa: Ka hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Yawancin mutane rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa ya ishe su. In gudun ya wuce awa guda a haɗa da ruwan gishiri da sukari. Ɗurawa ba ƙishirwa ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini har mutum ya rikice ko ya yi jijjiga. In ka dawo ka fi nauyin da ka fita da shi, ka sha ya wuce kima.

Da azumi dogon gudu sai dare, bayan Tarawihi. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, gudu da rana da baki a rufe ganganci ne. Wanda ka ga yana tangaɗi ko sambatu a kan hanya, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki nan take, sannan a nufi asibiti.

Abokanka su daina. Ibufurofen da dikulofenak a jikin da ruwa ya ƙare suna taɓa ƙoda, suna kuma ƙona ciki. Taramol kuwa ɓoye ciwo yake har mutum ya yi wa kansa illa bai sani ba, ga jaraba, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a gasa. Da zazzaɓi ma ba a gudu. A gwada maleriya, a warke sarai tukuna.

Tambaya: Likita, ƙanena na son ya ɗauki bidiyon Baba hannunsa na rawa ya sa a Facebook don mutane su tausaya su taimaka. Raina bai kwanta ba.

Amsa: Nawa ma bai kwanta ba. Cutar ta taɓa motsin Baba, ba ta ɗauke masa mutunci ko ikon cewa a'a ba. Ku zauna gabansa ku tambaye shi, ku kuma ba shi lokaci, don amsar mai wannan cuta kan yi jinkirin fitowa, shirunsa ba yarda ba ne. Dattijon da ya shekara arba'in ana gaishe shi a ƙofar gida ba zai so maƙwabta su gan shi a waya koko na zuba masa a riga ba. In ya ƙi, ƙanenka ya sa hoton kansa, ya yi bayani da bakinsa.

Neman taimako don jinya ba abin kunya ba ne, amma kuɗin jama'a amana ne. A buɗe asusu daban, mutum biyu su san abin da ke shiga da fita, a faɗi adadin da ake nema da abin da za a yi da shi, a ajiye rasit, a riƙa sanar da waɗanda suka bayar. Kada a rubuta cewa kuɗin na warkar da shi ne. A ce na maganin shekara guda ne. Takardun asibiti masu sunansa da lambarsa kuma ba na intanet ba ne, 'yan damfara na kwafe su su yi bara da su.

Tambaya: Tunda mahaifina na da ita, ni ma zan gada?

Amsa: Mafi yawan masu ita babu wani a danginsu da ya yi ta. Kusan ɗaya ne cikin goma zuwa ɗaya cikin bakwai ke da ɗan'uwa mai ita, kuma tsufa ya fi gado tasiri. In kana noman rani a fadama, ka kiyaye maganin feshi ya taɓa fatarka ko ka shaƙe shi, domin an danganta wasunsu da cutar.

Tambaya: Maigidana in ya zo bakin ƙofar zaure sai ƙafafunsa su kafe kamar an liƙe su. In na ja shi sai ya nemi faɗuwa.

Amsa: Hajiya, ki daina ja. Ki tsaya gefensa, ya daidaita tsayuwarsa, ya karkata nauyinsa zuwa ƙafa ɗaya, ki ƙirga masa da ƙarfi: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ko ki sa ƙafarki a gabansa ki ce ya tsallake. A ja layuka da farin fenti a ƙasan ƙofar, tazarar taki guda tsakaninsu, ido zai ba ƙafa umarnin da ƙwaƙwalwa ta kasa bayarwa. Ki riƙa rubuta ƙarfe nawa abin ke faruwa da ƙarfe nawa ya sha magani, na mako guda, ki kai wa likitansa takardar. In kafewar na zuwa ne dab da lokacin ƙwaya ta gaba, jadawalin shan maganin za a gyara.