Tambayi Likita: Wane girman allo ya dace da idona a na'urar karatu?

Tambaya: Likita, shekarata 58, ina zaune a Fagge. Ɗana zai saya mini na'urar karanta littattafai, ya ce in zaɓa tsakanin inci 6 da inci 10. Yanzu sai na nisanta takarda da fuskata nake ganin rubutu. Babbar za ta magance mini wannan?

Amsa: Baba, ba za ta magance ba. Abin da ka kwatanta yakan soma ne bayan shekara 40, lokacin da madubin cikin ido ke yin tauri ya kasa daidaita ganin kusa. Tabaran karatu ne maganinsa. Don Allah ka je a auna ka, ko a asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari ko a sashen ido na Asibitin Malam Aminu Kano, a duba har da matsin cikin ido, saboda gilakoma, cutar da ke lalata jijiyar gani, ba ta sallama kafin ta shigo.

Shi kuwa girman allo, irin littafin da za ka karanta ne zai raba gardama. In littafi ne da ake iya ƙara wa haruffansa girma, kamar littafin lantarki mai tsarin da ake kira EPUB, inci 6 ko 7 ya wadatar, sai dai ka yawaita buɗe shafi. Amma ina kyautata zaton littattafan addini ne na Larabci, kuma yawancinsu hoton shafi ne aka mayar PDF. Irin wannan shafin ba ya sake tsari, matse shi ake yi ya shiga allon, sai wasula da ɗigo su koma kamar ƙwayar gero. In haka ne, ɗauki mai inci 10. Ka dai san da nauyi: ƙaramar na'urar karatu samfurin Kindle ba ta kai giram 200 ba, ita kuwa Kindle Scribe mai inci 10.2 ta haura giram 400. Ɗora ta a kan tebur ko matashi, kada wuya da wuyan hannu su biya kuɗin.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Bayero. Idona na yaji da ruwa in na daɗe ina karatu a waya. In koma wa na'urar karatu?

Amsa: Ƙanwata, za ki iya samun sauƙi, domin allonta ba ya ƙyalli kamar na waya, ko a tsakar rana yana karantuwa. Sai dai mai karatu yakan rage ƙifta ido, ga iskar hunturu ta Kano mai busar da hawaye. Duk minti 20 ki ɗaga kai ki dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ki kuma riƙe na'urar kimanin santimita 40 daga fuska. In yajin ya ƙi tafiya, ki ga likitan ido. Kada ki sayi maganin ɗigawa a kemis da ka.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 9 ne, muna Gwale. Wacce zan saya masa?

Amsa: Hajiya, mai inci 6 ta ishe shi, ta fi daidai da hannunsa. Abin da ya fi damuna shi ne ya riƙa samun kamar awa 2 a waje kullum, domin hasken rana na taimakawa wajen kare yara daga matsalar rashin ganin nesa. In kin ga yana manna fuska a allo ko yana tsuke ido, ki kai shi a auna.