Ka koyi kalmar "manteca" kafin ka hau jirgi

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da gurbin karatun da ka samu a Jami'ar Houston. Allah ya sanya albarka. Ka tambayi yadda ɗalibi mai ƙaramin aljihu ke cin abinci ya ƙoshi a nan, da yadda zai tsira daga naman alade. Ka kuma ce Hajiya ta fara ƙulla maka kuka da daddawa da kilishi. Ka lallashe ta ta cire kilishin, don jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shigo. Sauran kuwa ka bayyana musu a filin jirgi, kada ka ɓoye komai.

Girki a ɗaki ya fi komai arha, wannan ba sai na faɗa ba. Amma bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, shi ma a cikin makaranta, kuma akwai daren da za ka baro laburare ba ka da ƙarfin kunna murhu. A irin wannan daren ni wajen 'yan Meziko nake nufa, ƙananan gidajen abincinsu na unguwa da suke kira taqueria.

Wanda na saba zuwa tebur shida ne kacal. Miji na gaban farantin suya, matar na karɓar kuɗi, talabijin na nuna ƙwallo da Sifaniyanci. Taco ɗan faifan gurasar masara ne, faɗinsa kamar tafin hannu, a zuba nama ko kifi, a barbaɗa albasa da ganye, a ba ka yankin lemun tsami ka matse. Ina sayen ɗaya dala 2 zuwa 3, uku kuma sun ishe ni. Sai dai ka sani farashin da ke jikin allo ba shi za ka biya ba, ana ƙara harajin kashi 8.25 cikin 100 a Houston. In kuma a tebur aka kawo maka, al'ada ce ka bar wa mai hidima kashi 15 zuwa 20. Kada ka yi rowa a nan, da shi suke rayuwa.

Ranar farko da na shiga, idona ya faɗa kan wasu manyan tulunan gilashi a kan kanta. Na nuna mai jan ruwa, matar ta ce "hamaika". Ina kurɓa na tsaya cak, wallahi zoɓo ne, zoɓonmu, citta da kanumfari kawai ya rasa. Na kusa da shi tsamiya ce, suna ce mata tamarindo. Farin kuma horchata, na shinkafa da kirfa, wanda a can Sifaniya da aya ake yinsa, wato kunun aya ke nan. Wata uku ina ƙasar nan ban ji ɗanɗanon gida ba sai a hannun wannan baiwar Allah da ba ta taɓa jin sunan Kano ba. Masarar ma suna dafa ta ne da wani farin gari mai suna cal kafin su niƙa, kamar yadda iyayenmu ke sa kanwa ko ruwan toka a girki, kuma kullun sunansa masa. Ƙamshinta in tana gasuwa sai ka ce tuwon masara ne a kan wuta. Yajinsu kuwa ka fara da kaɗan, habanero ɗan'uwan attaruhu ne.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Manteca kitsen alade ne, kuma ido ba ya ganinsa. Da shi ake soya waken da ake damewa, frijoles refritos, a wurare da yawa. Ana kwaɓa gurasar fulawa da shi, haka ma tamales, wanda ake naɗewa a bawon masara kamar alala. Ni na yi makonni ina cin wake da shinkafa ina ganin na kauce wa nama, sai da wani abokin karatuna ɗan Meziko ya ankarar da ni. Ba wanda ya yaudare ni, ni ne ban tambaya ba. Na yi istigfari, amma abin ya daɗe yana damuna, kuma ba na so ya same ka.

Ka haddace sunayen nan: carnitas, chorizo, chicharrón, duk alade ne. Wanda ya fi ruɗar namu shi ne al pastor, don a tsaye yake juyawa a jikin ƙarfe kamar shawarma. Asalinsa ma daga 'yan Labanan ne da suka yi ƙaura zuwa Meziko, amma naman alade ne. Romon wake mai suna charros shi ma da alade ake dafa shi.

Jimla biyu sun ishe ka: "¿Tiene manteca?", wato akwai kitsen alade a ciki? Sai "Sin puerco, por favor", ban da alade don Allah. Ban taɓa tambaya aka ɓata mini rai ba. Mai shagon da nake zuwa, tun da ya gane ni Musulmi ne, yakan kankare gefe guda na farantin kafin ya ɗora kifina, don a kan faranti ɗaya ake gasa komai. Wannan ma ka roƙa, kada ka ji nauyi.

Batun naman sa da kaza da ba yankan Musulmi ba, malamai sun yi saɓani a kai. Ka zauna da malaminka tun kana gida ka ji fatawarsa. Ni dai a can kifi da jatan lande da ƙwai nake ci, a kan gurasar masara, wadda galibi masara ce da ruwa kawai. Nama kuwa sai in je shagunan halal na titin Hillcroft in sayo in dafa da kaina.

Ka turo mini ranar saukarka da lambar jirgin, in sha Allah zan zo filin jirgin George Bush in ɗauke ka, mu biya ta can ka sha zoɓo kafin mu wuce gida. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce kukar ta ƙaro.