Tambayi Likita: Tarin Yara, Kumburin Jego, Rashin Barci da Sauran Tambayoyinku

Mai karatu zai lura cewa amsoshin wannan karo sun fi yawan zancen ɗaki, murhu, ruwan sha da mutanen gida, fiye da sunayen magunguna. Haka abin yake ko a ɗakin ganin likita: kafin in ɗauki biro, nakan so in san inda mutum yake kwana, da wanda yake da ta cewa a gidansu idan ciwo ya tashi.

Wata uwa daga Mabera ta rubuto: "Likita, ɗana ɗan shekara biyu ba ya rabuwa da tari da majina. Mun sha maganin kemis har mun gaji. Da ya lafa sai ya dawo, balle lokacin ɗari. Mi ka kawo wanga abu?"

Malama, ina kike girki, kuma ina yaron yake a lokacin? Yawancin iyaye mata da na yi wa wannan tambaya, amsar ɗaya ce: yana goye a baya. Uwa ta duƙa tana hura itace, hayaƙin da ya sa ta hawaye shi ne yake shiga hancin yaro, alhali hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, saurin kumbura gare su. Idan hunturu ya shigo sai a ƙara da ƙura, a toshe taga, a shigo da kaskon gawayi, a kunna maganin sauro mai hayaƙi, wani gidan har da turaren wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma ciwon huhu na yara yana cikin cututtukan da take jawowa.

Na san kuɗin gas ba kowa ke iyawa ba. Amma kina iya fitar da murhu fili, ki yi amfani da busasshen itace, ki sauke yaron ki ba wani ya riƙe har wuta ta kama. Gidan sauro ya fi maganin sauro mai hayaƙi. Gawayi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki, haka ma janareta a bakin taga, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Idan yaron ya natsu, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. A shekarunsa, in ya kai 40 ko ya wuce, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ki tafi asibiti ranar. Tarin da ya haura mako biyu kuma yana buƙatar gwajin tarin fuka, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.

Wani magidanci daga Gidan Igwai yana cewa: "Maiɗakina ta haihu mako biyar ke nan, tana wankan gida wurin iyayenta. Na je na tarar ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Innarta ta ce jego ne, a ƙara zafin ruwa da kunun kanwa. Ina jin nauyin in yi magana."

Malam, wannan ba abin jira ba ne. A kai ta asibiti yau. Kumburin ƙafa, haki, tarin dare da kasa kwanciya a miƙe ga mai jego, alamu ne na raunin zuciya da ke zuwa dab da haihuwa ko cikin watannin da ke bayanta. Naman zuciyar ne yake saki, ya kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi ganin wannan ciwo a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, kuma mu ma a nan Sakkwato ba baƙo ba ne a wajenmu.

Game da wanka da kunu, bari in faɗi abin da aka sani daidai. A da an ɗora laifin kacokan a kan ruwan zafi da kanwa. Binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna cewa talauci, ƙarancin abinci mai gina jiki, hawan jini a lokacin ciki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki suna da hannu. Sai dai wannan bai wanke kanwa ba. Gishiri ce, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta riga ta gaji, a ɗura mata kanwa safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa a yi ta fyaɗa wa jiki kwana arba'in, a garin da zafinsa kan wuce maki 40 a watan Afrilu, ai an haɗa mata aiki biyu.

Nauyin da kake ji na gane shi. Surukarka ba mugunta take yi ba, abin da aka yi mata ne take yi wa ɗiyarta, kuma ita ta tashi lafiya. Kada ka shiga da gardama. Ka nemi kawun matarka ko wata gwaggo da ake jin maganarta, ku ce za a je a auna ta kawai. Ku tafi da Inna ɗin, ta ji daga bakin likita. Na sha ganin tsohuwar da ta shigo tana harara, da aka nuna mata hoton zuciyar a allo, ita ce ta koma mai tsare lokacin shan magani. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ana yin wannan hoto. Mata da dama zuciyarsu tana farfaɗowa idan an fara magani da wuri, amma kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ta ya amince.

Wani dattijo da ya baro yankin Sabon Birni saboda 'yan bindiga, yanzu yana zaune wurin ɗan'uwansa a cikin gari, ya aiko ta hannun ɗansa: "Tun da muka taso ban ƙara barcin kirki ba. Gabana yana faɗuwa, kaina yana ciwo, da na ji ƙarar babur sai jikina ya ɗauki rawa. An yi gwaji an ce ba a ga komai ba."

Baba, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Rashin ganin komai a gwajin jini ba ya nufin ƙarya kuke yi. Idan mutum ya shiga haɗari, jiki yana sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, su kore barci, su sa kunne ya zama a buɗe, don a samu a tsira. Ga wanda ya daɗe yana kwana da takalmi a ƙafa, jikin yakan kasa komawa daidai ko bayan an bar wurin. Ga kuma wani nauyin da ba a cika faɗa ba: mutumin da ya saba cika rumbu ya ciyar da gidansa, yau yana jiran a miƙo masa. Wannan kaɗai ya isa ya hana ido rufuwa.

A auna muku hawan jini sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, domin damuwa mai tsawo tana taimaka masa. In yana kaiwa 140 bisa 90, a fara magani. Ku guji ƙwayar barci ta kemis, jiki yana saurin sabawa da ita, ranar da babu kuma abin ya fi na da. Ku rage shayi mai kauri da goro bayan La'asar. Kada ku wuni a ɗaki. Ku nemi 'yan garinku da suka taso, ku riƙa zama tare, ku riƙa fita jam'i, in akwai wata 'yar sana'a ko kiwo a kama, komai ƙanƙantarta.

Sannan ku ga likitan ƙwaƙwalwa. Na san da an ambaci Kware sai mutane su ce ai ba hauka suke yi ba. Asibitin tarayya da ke can yana duba masu rashin barci, firgici da baƙin ciki, su karɓi shawara da magani su koma gida a ranar. Addu'a da azkar ku ci gaba da su, ba sa karo da magani. Ɗanku kuma ya sa ido: in ya ji kuna zancen gara mutuwa, kada ya bari a kwana.

Wani uba daga Runjin Sambo: "Yarona ɗan kabu-kabu ne. Na tsinci tiramol a aljihunsa. Ya ce don ƙarfin aiki ne, duk abokansa suna sha. In kore shi?"

Kada ka kore shi, Alhaji. In ka kore shi, wurin waɗancan abokan zai tare gaba ɗaya. Gaskiya ne zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ka duba abin da ya kai shi can: yaro yana kan babur tun asuba cikin rana, akwai balas da zai kai wa mai babur ko an samu ko ba a samu ba, ga mai sayar da ƙwaya a bakin tasha. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma tiramol bai bar kasuwa ba.

A asibiti mukan ba da mai ƙarfin miligiram 50 ko 100 don ciwo mai tsanani, na ɗan lokaci. Wanda ke yawo a tasha yakan kai 225. Yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ka kuwa san abin da hakan ke nufi a kan titi da fasinja a baya. In ya daɗe yana sha, daina shi dare ɗaya yana zuwa da ciwon jiki, zufa, gudawa da rashin barci, shi ya sa da yawa suke komawa. A kai shi a rage masa a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Kai kuma ka yi magana da mai babur a sassauta balas, ko a canza masa tasha.

Wani malamin firamare daga Wurno ya ce yara maza da yawa a ajinsa suna fitsarin jini, iyaye kuma suna cewa alamar girma ce.

Tsargiya ce, Malam, babu ruwanta da balaga. Ƙwayar cutar tana girma a jikin dodon koɗi a tafki da magudanan noman rani, ta huda fatar yaro lokacin wanka ko kamun kifi. Maganinta firazikwantel, ana auna shi da nauyi ko tsayin yaro, kuma ana raba shi kyauta a makarantu. In an bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Ka kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a ba ajin duka. Ka kuma hana su fitsari a ruwa, ta nan ƙwan yake komawa.

Ta ƙarshe daga wata kaka ce a Gwadabawa: jikanta ɗan shekara uku ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara kumbura.

Inna, ku taso da shi yau ɗin nan, ina tsoron cutar noma, mai zaizaye baki da fuska. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 take kamawa, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Cikin 'yan kwanaki takan huda kunci, kuma in ba a yi magani ba mafi yawan yaran ba sa rayuwa. A matakin da kuke, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A nan Sakkwato akwai asibitin yara na noma da aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a cikinsa tun 2014, magani da tiyata duk kyauta. Kafin ku iso, ku goge masa baki da ruwan gishiri mai ɗumi da tsumma mai tsabta, ku ba shi kunun gyaɗa ko nono, kada a shafa komai a kuncin, kada kuma a tsaga. Ku zo da ƙannensa da yayyensa a auna damtsensu don gano tamowa, a duba katin rigakafinsu.