Kafin ka zuba jarinka a kiwon karnukan Labrador

Tambaya: Ina da shagon sayar da wayoyi a Kaduna, na tara naira miliyan 3. Na gani a Facebook ana sayar da kwikwiyon Labrador dubu 250. Niyyata in sayi karya 2 da namiji 1, in yi musu keji a bayan gida, ƙanena ya riƙa ba su abinci safe da yamma. Idan kowace karya ta haifi 8 sau biyu a shekara, na sami 32 ke nan, wato miliyan 8. Masu neman karen gadi suna da yawa yanzu. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye lissafin miliyan 8 ɗin nan tukuna. Kuskurenka guda ɗaya ne, kuma shi kaɗai ya isa ya cinye jarin: za ka sayar da kayan da ba ka san halinsa ba. A shagonka ba za ka saro waya ba sai ka san abin da take yi da wanda zai saye ta. Me ya sa da aka zo kan dabba mai rai ka tsallake wannan?

Labrador ba karen gadi ba ne. Asalinsa daga tsibirin Newfoundland na Kanada yake, inda kakanninsa ke taya masunta jan taru da kamo kifin da ya kuɓuce cikin ruwan sanyi. Turawan Ingila suka kwashe su a ƙarni na 19, suka mayar da su karnukan ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, har ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta yi wa jinsin rajista a 1903. Sama da shekara ɗari ana zaɓen waɗanda suka fi son mutane, suka fi taushin baki, waɗanda za su kawo agwagwa ba tare da sun huda ta da haƙori ba. Shi ya sa ake horar da su su yi wa makafi jagora, ko su sansano miyagun ƙwayoyi a filin jirgi. A Amurka, inda ake son su saboda zaman lafiya da yara, sun shekara 31 a jere suna kan gaba a rajistar karnuka kafin wani jinsi ya karɓe matsayin a 2022. Zai iya yin haushi in ya ji motsi, amma yawanci baƙon da ya shigo da kaɗa wutsiya zai tarbe shi. Ka sayar wa mai neman gadi, wata biyu ba za a yi ba zai dawo maka da karensa yana neman kuɗinsa, kuma zai gaya wa duk wanda ya sani. Mai neman gadi German Shepherd ko Boerboel yake tambaya.

To wa ke sayen Labrador? Mai iyali da ke son kare mai natsuwa, wanda in an kira shi zai zo, in an ce ya zauna zai zauna, ba ya tsalle kan baƙo. Abin da yake biya wa kuɗi ke nan, natsuwar. Ita kuwa ba a samunta a keji.

Nan ne tsarinka ya fi ba ni tsoro. Babban Labrador yana buƙatar aƙalla awa ɗaya na motsa jiki kullum: tafiya, gudu, a jefa masa ƙwallo ya ɗauko, in da ruwa ya yi iyo. Gashinsa ninki biyu ne, an yi shi don sanyi, saboda haka a zafin Maris da Afrilu na Kaduna sai da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, don kwalta na ƙona tafin ƙafarsa kuma zafi na iya kashe shi. Ƙanenka ka ɗora wa aikin ba da abinci kawai. Wa zai fita da karnuka uku da asuba, ranar Lahadi da ranar Sallah da ranar da yake jarrabawa? Ka yanka masa albashi, ko kuwa zumunci ne zai biya shi? Na sha ganin yadda wannan ke ƙarewa. Makon farko da zumuɗi, wata na biyu sai a turo kwano ta ƙarƙashin ƙofa a wuce.

Wani ma'aikaci a wajen Abuja ya taɓa kai ni in ga nasa, yana mamakin me ya sa masu saye ke zuwa su juya. Karya ce ruwan ƙasa, ta yi wata takwas a kejin da bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Ta tauna katakon ƙofar har ya rarake, gwiwoyinta sun yi kanta saboda kwanciya a siminti, ta yi ƙiba har ba a jin haƙarƙarinta, tana ta zagaye wuri ɗaya. Da ya buɗe mata sai ta yi tsalle ta dafe ƙirjina da ƙarfinta duka, murna ce kawai take yi, amma kilo 30 ne ya faɗo wa mutum. Ka ɗauka yaro ɗan shekara huɗu ne a tsaye a wurin. Uban yaron ba zai sayi ɗan wannan karyar ba ko da rabin kuɗi. Ma'aikacin ya ƙare da rabar da 'ya'yanta kyauta, ga tausayin dabbar da aka zalunta ba da niyya ba.

Ƙibar ma ba ƙaramin abu ba ce. Wani bincike na Jami'ar Cambridge a 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na jinsin nan suna da wani sauyin ƙwayar halitta da ke sa su yawan jin yunwa. Yaron da ba ya auna abinci zai ta zuba musu don suna roƙo, ƙiba kuma ita ke tsananta ciwon ƙugu da jinsin ke gadonsa. Son abincin nan dai shi ke sa horar da su ya yi sauƙi: minti goma sau biyu a rana, da ɗan guntun nama a hannu, ba duka ba tsawa. Kwikwiyo kuma watanninsa uku na farko ne ke gina halinsa, sai an riƙa ɗaukarsa, ya saba da yara da ƙarar babur da baƙin fuska. Ba a raba shi da uwa kafin mako 8. Wannan duk aikin hannu ne, kuma babu shi a lissafinka ko layi ɗaya.

Lissafin 32 kuwa mafarki ne. Mai kiwon kirki ba ya barin a yi wa karya barbara sai ta kusa shekara 2, ciki kwana 63 ne, kuma ba a haɗa ta duk lokacin da ta nema. Ka ce haihuwa ɗaya a shekara, 6 zuwa 8. In 'yan kwikwiyo ka saya, kusan shekara biyu za ka yi kana ciyarwa, kana biyan allurar rigakafin haukan kare da ta Parvo da maganin kaska, ba sisin da ya shigo. Parvo kaɗai, cutar amai da gudawa mai saurin yaɗuwa tsakanin karnuka, na iya share haihuwa guda cikin mako ɗaya. Akwai kuma batun hukuncin cinikin kare a shari'a, wanda malamai suka yi saɓani a kai. Ka zauna da malaminka tun kafin kuɗi su fita.

Abin da nake ba ka shawara: bar miliyan 3 ɗinka a harkar wayar da ka sani. In har zuciyarka na wurin, sayi karya ɗaya tak daga wanda zai nuna maka uwar da katin rigakafi, ka kai ta wurin likitan dabbobi a makon farko. Kai da kanka za ka riƙa fita da ita kafin ka buɗe shago, shekara guda cur, kana rubuta duk abin da ka kashe. A cikin shekarar ka nemo mutum goma da suka taɓa sayen Labrador da kuɗinsu, ka tambaye su me suka nema da nawa suka biya. In ka cika shekarar ba ka gaji ba, ka sake rubuto mini da littafin lissafin a hannunka, sai mu yi maganar ƙara ta biyu.