Nauyin selulos a bango da silin

Malam, ka tambayi yawan selulos da za ka cusa a gidanka na unguwar Madina ta Accra don tare zafi. Selulos tsohuwar jarida ce aka niƙa, aka haɗa da sinadarin boret saboda wuta da ƙwari. A bango mai rami sai an danna ta sosai, kilo 50 zuwa 60 a kubik mita, in ba haka ba ta zauna, saman bangon ya zama fanko. Amma bangonmu na bulo ne, ina ramin? Zafin Accra ta kwano yake saukowa. Zuba ta a kan silin sakwa-sakwa, wajen kilo 25 zuwa 30 a kubik mita, ka ƙara kauri don za ta kwanta. Fara toshe yoyon kwano tukuna. Jiƙaƙƙiyar takarda tana iya ɓallo silin.