Ni ma an taɓa mayar da ni abin dariya kan maganar Han Solo

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ina karanta tambayarka na ji ka fama min tsohon gyambo. Ka ce a Star Wars na 1977 ka ji tsoho Obi-Wan ya faɗa wa Luke cewa Darth Vader ne ya ci amanar mahaifinsa ya kashe shi, sai ga shi a na 1980 Vader da bakinsa ya ce shi ne uban. Da ka tambaya a majalisarku aka ce Turancin ne ya fi ƙarfinka. Kunnenka lafiya lau, abin da ka ji shi aka faɗa.

Tawa ma ta fi taka ciwo. Wani dare bayan sallar isha'i muna teburin mai shayi a nan Agege, hira ta gangaro kan inda Han Solo, matuƙin jirgin da Obi-Wan da Luke suka ɗauka haya a fim ɗin 1977, yake cika baki wai jirginsa ya ratsa wata hanyar sararin samaniya da ake kira Kessel a ƙasa da fasek 12. Ni kuma na saki baki na ce ai fasek kamar awa ne a lissafin mutanen sama. Sai wani yaro ɗan jami'a ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Yaron nan fa, ranar da ya sauka Legas da jakar bakko ko wurin kwana ba shi da shi, ni na ba shi katifa a shagona wata huɗu. Ya ce fasek ma'aunin nisa ne, tazarar da haske ke ci a shekara 3.26. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba har gobe. Amma da ya ja ni gefe ya faɗa min, me zai ragu a jikinsa? A'a, miƙewa ya yi yana kiran mai shayi, wai ya zo ya ga Alhaji yana awon lokaci da igiya. Zuciya ta ɗebe ni na ce a sa naira 5,000, Allah ya yafe min. Aka duba waya, na biya a gaban yaran shagona. Wata da watanni sunana Alhaji Fasek, har Alaba Rago sunan ya riga ni zuwa. Na daina zama teburin nan, ni da nake biya wa rabinsu kuɗin Indomie.

Abin da ya fi ƙona min rai sai daga baya na gano shi. Yaron ya yi ta cewa masu fim ɗin jahilai ne, alhali shi ma rabin magana ya sani. A rubutaccen labarin fim ɗin an nuna cewa Obi-Wan ya gane Han shaci-faɗi yake yi don ya burge fasinja. Ka koma wurin ka dubi irin kallon da tsohon ya yi masa. Sannan a 2018 da aka yi fim ɗin Solo sai aka kawo wata fassarar: hanyar da kowa ke bi fasek 20 ce, shi kuma ya yi kasada ya yanke ta gefen Maw mai haɗiye jirage. Kamar direban danfo ne da zai ce maka ya san lungun da ke rage tafiyar Agege zuwa Oshodi. Ka ga in haka ne nisa yake nufi, maganarsa ta zauna. A can ma Chewbacca, abokin tafiyar Han, sai da ya yi gurnani cewa an zaftare lissafin.

To mu dawo kan taka. Abin da na koya da kuɗina shi ne, in mutum ya yi magana a fim, shi ne ya faɗa, ba fim ɗin ne ya rantse maka ba. Han maƙaryaci ne mai bashi a wuya yana neman fasinja. Obi-Wan kuma yana so yaro ya ɗauki takobi, zai ce masa je ka yaƙi ubanka? A na 1983 Luke ya tsare shi da wannan tambayar taka, tsohon ya kare kansa da cewa mutumin kirkin da ake kira Anakin, wato mahaifin Luke, ya mutu ranar da ya zama Vader, don haka ta wata fuskar gaskiya ya faɗa. Ni dai a wajena wannan kwana-kwana ce irin ta dillalan gidaje.

Amma kar kowa ya ruɗe ka cewa tun farko aka tsara haka. Rubutun farko na fim na biyu, wato na 1980, wanda marubuciya Leigh Brackett ta yi kafin rasuwarta a 1978, mahaifin Luke daban yake da Vader, har fatalwarsa ta fito. George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, shi ne ya haɗe su daga baya, shi ya sa aka dawo ana yi wa tsohuwar magana faci. Wani facin ma bai kama ba. Leia, 'yar tagwayen Luke, ta ce tana tuna mahaifiyarta, kyakkyawa mai yawan baƙin ciki, sai ga shi a na 2005 matar ta rasu wajen haihuwarsu. Jaririyar minti biyu ce za ta tuna fuska? Masu kare fim suna cewa baiwar Force ce, wato ƙarfin ɓoye da wasu ke da shi a fim ɗin. Ni ban saya ba.

Wani abu kuma, in mai fassarar Hausa kake kallo ko rubutun fassarar nan na ƙasan allo da ake saukewa a intanet, ka nemi asalin muryar tukuna kafin ka yi musu da kowa. Ɗana ya taɓa kawo min wani da aka juya fasek ɗin nan aka ce minti. Da na gani sai da na ajiye wayar na fita waje.

Kuma don Allah kar ka sa kuɗi. Yaron nan yanzu yana aiki a Ikeja, in mun haɗu a masallacin Juma'a har rusunawa yake yi, amma har yau bai ce min yi haƙuri ba, katifar ma bai dawo da ita ba.