Burodin albasa da nono: abin da ya sa naka ya yi danƙo a ciki

Ka kawo mini guntun burodin da ka gasa a gida ranar Lahadi. Ka ce ka bi komai yadda muke yi a nan, illa dai ka zuba nono a madadin ruwa, ka kuma yanka ɗanyar albasa biyu ka watsa cikin kwaɓin. Ga shi bayansa ya yi ja, cikinsa kuwa danƙo kamar banku, tuwon masaran nan na Gana, da bai nuna ba, har kana zargin ko yis ne ya mutu.

To ɗana, yis ɗinka lafiyarsa ƙalau. Da ya mutu, da ba ka ga waɗannan 'yan ramuka na gefe ba. Danna tsakiyar da yatsa. Ka ga ramin ya zauna bai taso ba? Ruwa ne ya yi masa yawa, kuma albasarka ce ta zuba shi, ba kai ba.

Albasa kusan kashi 90 cikin 100 ɗinta ruwa ne. Manya biyu za su kai giram 300, ka ga ke nan akwai ruwa sama da kofi guda a ɓoye cikinsu. Lokacin da kake murzawa ba za ka ji shi a hannu ba, kwaɓin zai yi maka kyau har ka ji daɗi. Sai gishiri ya fara tsotso ruwan yayin da kwaɓin ke kumbura, zafin tanda kuma ya ƙarasa matse sauran, daidai lokacin da cikin burodin ke neman ya kama jikinsa. Akwai kuma abu na biyu. Sinadarin nan da ke sa ka hawaye idan kana yanka albasa, danginsa suna sassauta danƙon fulawa, wanda shi ke riƙe iskar da yis ke hurawa. Kwaɓin sai ya baje maimakon ya miƙe. Ni ma na taɓa yin wannan ɓarnar ina yaro, da rabin buhun fulawar maigidana, kuma ban manta kallon da ya yi mini ba.

Saboda haka soya ta tukuna. Yanka ta ƙanana, ka sa man shanu ko ɗan man gyaɗa a kasko, wuta kaɗan, da ɗan gishiri a tsakanin yatsu biyu. Kada ka yi mata irin suyar miya ta gaggawa. Ba ta minti 15 zuwa 20, kana juyawa, har ta yi laushi ta koma ruwan zuma, tulin da ya cika kasko ya dawo bai fi tafin hannu ba. A nan zafin bakinta ke tafiya, zaƙinta ya fito. Idan ta yi baƙi, zubar da ita, ɗacinta zai bi burodin duka. Sannan ka baza ta a faranti ta huce sarai, don yis ba ya rayuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60.

Jar albasar nan da ake saukewa daga Nijar ko ta Bawku, ita na fi so, ta fi farar ƙamshi. Tun da aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie ta cikin Akra zuwa Adjen Kotoku da ke bayan gari a 2021 na daina zuwa sari da kaina, amma kai da ke neman guda biyu, kasuwar Nima ta ishe ka. Zaɓi mai tauri, busasshiyar wuya.

Yanzu nono. Abin da Turawa ke sawa a irin wannan burodi shi ne ruwan da ya rage bayan an kaɗa an cire mai, wato tsala a wurinmu. Kindirmo ma yana yi, har ya fi ba da laushi tunda mansa na ciki, sai dai ka tsinka shi da ɗan ruwa. Wahalar ita ce nonon kasuwa ba ɗaya ba ne. Na yau ya yi kauri, na gobe an tsinka shi da ruwa, wani kuma an kaɗa masa garin kwalba da nono na kuka don ya yi jiki. Tambayi mai furar da ka saba da ita ta ba ka wanda ba a taɓa ba. In ya gagara, dama madarar gari kofi guda, ka matsa lemun tsami cokali ɗaya babba, ka bar ta minti 10 ta tsinke. Ba ta kai nono ɗanɗano ba, amma tana aiki.

Tsamin nono shi ke sa cikin burodin taushi, ya kuma sa ya kwana biyu bai bushe ba. Amma idan ya yi yawa yana rage wa yis hanzari. Ka san yadda iyayenmu mata ke ɗiga ruwan kanwa a ƙullun masa idan ya yi tsami? Haka ake yi a nan, sai dai da soda ta girki, ba kanwa ba, don kanwa ba ka san ƙarfinta ba, ga tsakuwa. Kwatan ƙaramin cokali ya isa. Ka wuce haka, ka ci burodi mai ɗanɗanon sabulu. A ƙasar Ailan ma akwai burodin da ba yis a cikinsa sam, nono da soda kawai ke tashinsa, rabin ƙaramin cokali ga kofin nono, ba a murzawa, ba a jira. Wannan wani darasi ne daban.

Ga awon abin da zai cika gwangwanin gasa burodi ɗaya. Fulawa mai ƙarfi ta burodi giram 500, nono mililita 320, busasshen yis giram 7, gishiri giram 10, sukari cokali ɗaya babba, man shanu giram 30, sai albasar da ka soya. Sukarin kaɗan ne da gangan. Bakin mutanen Akra ya saba da burodin sukari da na bota, hannunka zai so ya ƙara, ka hana shi. Wannan burodin gishiri ne, da ƙwai da shito, soyayyen yajin nan, ake cin sa. Kuma don Allah ka ari sikeli, ka rabu da awon gwangwanin bota da olonka, babban gwangwanin awo na kasuwa, cikar yau ba ta zama cikar gobe ba.

Kada ka juye nonon duka lokaci guda. Rage kamar cokali uku a kofi, ka murza minti 10, in kwaɓin ya nema ka ba shi. Sai ya yi santsi, ka ja shi ya miƙe bai tsinke ba, sannan ka sa albasar, ka ninke ta ciki a hankali. Rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A zafin garin nan sau da yawa awa ɗaya ma ba ta cika yake ninka girmansa, don haka kwaɓin za ka duba, ba agogo ba. Danne shi, naɗe, sa a gwangwani, ya sake tashi har ya leƙo baki.

Tanda digiri 190, minti 35 zuwa 40. Na san a gidanku tukunya da yashi kuke yi a kan kurfoti, murhun gawayi. Yana yiwuwa, amma raba kwaɓin gida biyu a ƙananan gwangwanaye, ka bar yashin ya yi zafi tukuna, ka ɗora garwashi a kan murfi fiye da na ƙasa. Burodin nono da albasa yana saurin yin ja, shi ya ruɗe ka ka sauke naka da wuri. Fito da shi daga gwangwani ka ƙwanƙwasa gindinsa: in ya yi amo kamar ganga ya nuna, in ya yi dum, mayar da shi.

Na kuma ga alamar wuƙa ta ja cikin nan, wato da zafinsa ka yanka. Ba shi awa guda a kan ragar waya ya sha iska, ko da ƙannenka sun tsaya maka a ka. Ranar Asabar in mun tashi aiki ka ɗebi fulawar a buhun da ke buɗe, ka sake gwadawa, ka kawo mini yankin tsakiya, ba na gefe ba.